Ƙaramar kwamfutar tebur ko wata laftof ɗin? A ba ni shawara kafin in shiga kasuwa

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya sani ya faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. Shekara shida ke nan ina aiki da laftof ɗaya. Da ita nake buga wa makarantu uku tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai, da ita nake lissafin atamfa da leshin da nake sarowa a Kwari, ga shi kuma babbar 'yata za ta zauna JAMB tana son ta riƙa gwaji a gida. Batirin ya mutu tun bara, murfin ya ɓalle sai na jingina shi da littattafai, haruffa biyu sun daina taɓuwa.

Jiya na kai aiki wani shagon buga takardu a Kabuga, sai na ga monita da kibod amma ban ga kwamfuta ba. Na tambayi yaron shagon, ya juyo min da monitar, ashe wani ɗan baƙin akwati ne manne a bayanta, bai fi kwalin dabino ba. Ya ce shekararsu biyu da ita. Tun jiya abin yake raina. In sayi irinta, ko in haƙura in ƙara sayen laftof? Ni dai ba na fita da kwamfuta ko'ina, teburina yana lungun falo a Rijiyar Zaki, nan nake wuni.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki sayi laftof, magana ta ƙare. Wannan ɗan akwatin ba shi da batir ko na minti ɗaya. Ana ɗauke wuta zai mutu tare da aikin da ke kansa. Na taɓa wuni ina haɗa jadawalin albashi a kwamfutar tebur, saura kaɗan in gama wuta ta ƙifta, ko daƙiƙa biyu ba ta yi ba ta dawo, amma aikin awa uku ya tafi. A garin nan batirin laftof shi ne rabin darajarta.

Ummi: Anti, ni ma bayan Baban Sadiq nake. Ranar da zafi ya kore ki daga falo, laftof za ki ɗauka ki fita tsakar gida.

Maman Hanifa: Ummi, wadda nake da ita ma ai shekara guda ke nan ba ta motsa daga jikin soket ba. Kuma wuyana da idona sun gaji da sunkuyo a ƙaramin allo, musamman in ina cike makin yara arba'in a Excel, sai na yi ta ja hagu da dama.

Injiniya Auwalu: Hajiya barka da yamma. Gyaran kwamfuta nake yi, irin waɗannan kuma kusan kullum sai sun ratsa ta hannuna, bari in ɗan tsawaita.

Yawancin waɗanda ake gani a shagunan Farm Centre da Beirut Road na hannu ne, waɗanda ofisoshi da bankunan Turai da Amurka suka yi aiki da su shekara uku ko huɗu suka sauya. Gida uku ne suka fi yawa: HP EliteDesk ko ProDesk Mini, Dell OptiPlex Micro, da Lenovo ThinkCentre Tiny. Dukkansu kusan girmansu ɗaya, wajen santimita 18 kowane gefe, kaurinsu bai kai santimita 4 ba. An ƙera su ne don su wuni a kunne a ofis, shi ya sa suke da juriya. Abin da na fi so da su shi ne sukuru ɗaya za ka kwance murfin ya zame, komai yana gabanka: RAM, wato ma'ajiyar aikin da ake kan yi, irin na laftof ne, gurbi biyu, ga wurin SSD, faifan da ke adana takardu, ga fanka. Laftof ɗin yanzu kuwa wata sai ka ɓata rabin awa kana ɓamɓare roba kafin ka ga cikinta, wata ma an like RAM ɗin da dalma ba ya ƙaruwa.

Sannan ki duba abin da ya lalace a taki: batir, murfi, kibod. Duk ukun babu su a jikin wannan. In yaro ya zubar da kunu a kibod, kibod kawai za ki sauya da kuɗi kaɗan. In a laftof ya zuba, sau da yawa har allon ciki yake kaiwa.

Amma maganar Baban Sadiq gaskiya ce, ba zan rufe ta ba. Kafin in ce ki saya, yaya wutar gidanku take?

Maman Hanifa: Wuta dai sai yadda ta zo. Amma bayan tashin man fetur a 2023 maigidan ya ajiye janareta ya sa mana ƙaramar sola, inbata da batir biyu, don fanka da fitilu da cajin waya.

Abba Mai Sola: To Hajiya ai kin gama rabin aikin. Bari in yi miki lissafi a fili don kowa ya gani. Irin waɗannan ƙananan, in Word da Excel da intanet ake yi, suna cin tsakanin wat 15 zuwa 30, duk da cewa adaftar tasu an rubuta mata 65. Monita mai inci 22 ta zamani wajen wat 20. A ce duka wat 50, bai kai fankar sama ta da ba, wadda ke shan 70 zuwa sama. Batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1,200 a lissafin wat cikin awa. Idan mai ruwa ne ko jel, rabi ake so a sha don ya yi ƙarko, saura 600. Inbata ma tana cin nata, a ce saura 500. Raba da 50, awa goma ke nan a batir ɗaya in ita kaɗai ce a kai. Tsohuwar doguwar kwamfutar nan ta ƙarƙashin tebur ita kaɗai tana iya haura wat 100.

Abu ɗaya za ki duba. Inbata da yawa suna da maɓalli a baya ko a cikin saiti, ɓangare ɗaya an rubuta UPS, ɗayan ECO ko makamancinsa. In tana kan ECO, lokacin da aka ɗauke wuta tana ɗan jinkiri kafin ta karɓa. Fanka ba za ta ji ba, fitila za ta ƙifta kawai, amma kwamfuta za ta mutu ta sake tashi. A mayar da ita UPS.

Baban Sadiq: Abba, ka faɗi gaskiya gaba ɗaya mana. Laftof da allonta da komai nawa take ci?

Abba Mai Sola: Ƙasa da haka, Yallaɓai. Wajen rabin wancan lissafin. Wannan ban musa ba. Wanda ba shi da sola ko kaɗan, ni ma laftof zan ce ya saya. Ita dai Hajiya tana da inda za ta jona.

Baban Sadiq: To shi nake so a rubuta ɓaro-ɓaro, domin mutum nawa ne a nan suke karantawa ba su da inbata? Kar wani ya ji an ce araha ya kwaso, ya zo ya ajiye ado a ɗaki. Kuma kar a ce masa ƙaramar UPS za ta fisshe shi. Batirin cikinta amfiya 7 ne, aikinta ta ba ka 'yan mintuna ka adana aiki ka kashe, ba ta wuni da kai.

Ummi: Ni tambayata kuɗin. Ana cewa ta fi araha, amma fa akwati kawai za a ba ki. Monita daban, kibod daban, linzami daban, sifika daban. In aka tara ba za a kamo kuɗin laftof ba?

Injiniya Auwalu: Ƙanwata, wani lokacin ana kusantowa, shi ya sa nake cewa mutum ya tara lissafin duka tun a gida. Amma ki gwada daidai da daidai. Laftof ta hannu a kuɗin da aka tara ɗin yawanci za ki samu mai raunin inji, da batirin da ya riga ya sha wuya a hannun wani, da allo inci 14. A nan kuwa kin samu inji mai ƙarfi da allo inci 22 ko 24. Kuma monita ba ta tsufa da wuri, ko an sauya akwatin bayan shekaru tana nan. Farashi kam ba zan rubuta ba, yana bin dala, abin da na faɗa yau zai iya zama ƙarya ranar Asabar.

Maman Hanifa: Ba zan iya jona ta da talabijin ɗin falo ba in huta da sayen monita?

Nura Edita: Za ta yi Hajiya, amma ba zan so miki ba. Talabijin da yawa masu inci 32 ƙwayar hotonsu 1366 da 768 ce kawai, an baza ta a babban allo, sai rubutu ya riƙa fitowa da gashi-gashi. Kallo daga nesa lafiya lau, amma karatun ƙananan lambobi daga kusa zai ƙara miki ciwon idon da kike gudu. Ki nemi monita mai 1920 da 1080. Ban da haka, ranar da kike sauri ki miƙa aiki ita ce ranar da yara za su ce lokacin shirinsu ya yi.

Injiniya Auwalu: Tunda an zo kan monita, ga inda mutane suka fi dawo min da kuka. Da yawa daga cikin ƙananan nan ba su da ramin HDMI, DisplayPort ne da su. Ramukan sun yi kama, sai dai na DisplayPort kusurwa ɗaya ce a yanke. Mutum zai kai gida ya yi ta tura waya ta ƙi shiga. Akwai wayar da ke juya DisplayPort zuwa HDMI, ba tsada, amma hanya ɗaya take bi, daga kwamfuta zuwa monita. Mafi sauƙi a sayi akwatin da monitar rana ɗaya, a jona su a gabanki, ki tafi da wayar da aka gwada da ita.

Na biyu, ba dukkansu ke da Wi-Fi ba, saboda a ofisoshin da suka fito da waya ake jona su. In da hotspot ɗin waya ko MiFi kike shiga intanet, ki ce a kamo a gabanki. In babu, akwai ɗan ƙaramin da ake sokawa a USB.

Yanzu babbar magana, wadda in kin manta komai kar ki manta ta. Kar ki tsaya a kan an ce miki i5 ce ko i7 ce, wato sunan injin da ke sarrafa aikin kwamfutar. Ki duba lambar da ke biye. In kin ga i5-6500T, janareshan na shida ke nan. i5-8500T na takwas. i5-10500T na goma. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida daga janareshan na takwas take farawa a injinan Intel, tare da abin tsaron nan TPM 2.0. Ma'ana a HP ki nemi EliteDesk 800 G4 zuwa sama, ba G2 ko G3 ba. A Dell 3060, 5060 ko 7060 zuwa sama, ba masu ƙarewa da 40 ko 50 ba. A Lenovo M720q ko M920q, ba M710q ba. Bambancin ma ba na Windows kaɗai ba ne: i5-6500T ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, i5-8500T shida. Harafin T ɗin nan na ƙarshe kuma alama ce ta mai ƙarancin shan wuta, wat 35.

Alhaji Ɗan Kwari: Injiniya Allah ya yi maka albarka. Da na ji wannan bara da ban yi asara ba. Wani ya ce min ai i7 ta fi i5 ko a ina, na biya da tsada ina murna, ashe ta janareshan na huɗu ce. Da yarona ya zo zai sake mata Windows sai ga makulli a BIOS, wato saitin tushe da ake shiga kafin Windows ta tashi, mai shagon ya ce shi ma haka ya saro ta. Sati biyu muna kai da kawo.

Hajiya, ni ban san inji ba amma na san kasuwa. Ba a cinikin biri a sama. Kar ki tura kuɗi a ce za a aiko miki a Adaidaita. Ki je da ƙafarki, ki tafi da wanda ya sani, a kunna a gabanki. A rubuta miki rasit da lambar jikin injin, a rubuta kwanakin garanti da biro, kar ki karɓi na baka. Kuma ki zaga shago uku kafin ki zauna ciniki.

Sagir: Ni fa ban yarda da wannan tsoratarwar ta Windows 11 ba. Tawa ta janareshan na shida ce, an sa min 11 ɗin ta bayan gida, wata takwas ke nan lafiya ƙalau. Masu na takwas ɗin sun ga ana nema sun ƙara kuɗi. Talaka ya sayi abin da zai iya.

Injiniya Auwalu: Sagir, ana yi, ni ma na yi wa mutane da yawa da suka riga suka mallaki tsofaffin. Amma kamfanin Microsoft da kansa ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan sabuntawa ba. Wanda yake da ita a hannu ya lallaɓa, ko ya sa mata Linux Mint, wani tsari da ake sawa a maimakon Windows, in aikinsa intanet ne da rubutu. Wanda zai fitar da kuɗi yau kuwa, ga sakamakon 'ya'yan mutane da lissafin kasuwa a ciki, me zai sa ya fara da dabara tun ranar farko?

Sagir: In bambancin kuɗin ya kai na monita fa?

Injiniya Auwalu: To a nan sai mai aljihu ya auna. Ni dai in ƙanwata ce, zan ce ta rage girman SSD ko ta fara da RAM 8, ta tsaya a na takwas. RAM da SSD ana ƙarawa gobe, janareshan ba ya ƙaruwa.

Ummi: Sababbin nan na Chana fa, irin su Beelink da ake tallatawa? Na ga wasu ko tafin hannu ba su cika ba, kuma sababbi ne a kwali.

Abba Mai Sola: Masu injin N100 ɗin nan da Intel ta fitar a 2023 wajen wuta ba su da na biyu, injin kansa wat 6 aka ƙiyasta masa. Wasunsu ma adaftar bolt 12 suke amfani da ita. Amma kar wani ya ji haka ya ja waya kai tsaye daga batirin sola, domin lokacin caji batir yana haura bolt 14. Sai an sa abin daidaita wuta a tsakani.

Injiniya Auwalu: Suna Word da Excel da kallo ba laifi, Windows 11 kuma tana hawa daidai. Inda nake jin tsoro shi ne ranar da ta lalace. Fankar HP ko adaftar Dell in na zaga layinmu zan samo kafin la'asar. Na waɗancan sai an yi oda an jira. Ga mai aikin da makaranta ke jira ranar Litinin, wannan abin dubawa ne.

Nura Edita: Bari in sa baki kan Mac mini don na san wani zai tambaya. Da ita nake tace bidiyon biki. Wadda aka fitar a 2024 mai M4 faɗinta bai kai santimita 13 ba, tana farawa da RAM 16, ba ta da ƙara, kuma wutar da take ci kaɗan ce in aka duba aikin da take yi. Amma RAM ɗinta ba ya ƙaruwa har abada, kuɗinta kuma ya yi wa aikin Hajiya yawa. Wanda zai sayi ta hannu ya tabbata mai ita ya cire iCloud ɗinsa, wato asusunsa na Apple, in ba haka ba ya sayi dutse. Su kuma waɗancan ƙananan na ofis, CorelDraw da katin biki za su yi, amma tace bidiyo mai nauyi ko manyan wasanni ba hurumin su ba ne, yawancinsu babu wurin sa katin hoto.

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Ni shekarata uku da irin wannan a ɗakin karatuna, a kanta nake buɗe Shamila, manhajar littattafan Larabci, ina shirya darasi, kuma babban allo ni'ima ne ga mai karanta Larabci da wasali. Abu biyu zan ƙara. Ba ta zuwa da kyamara ko makirufo, ranar da aka ce in gabatar da karatu ta Zoom sai da na nemo su daban. Sannan tunda Malama tana buga jarrabawa, na tabbata har da ta Hausa. A cikin Windows akwai tsarin kibod na Hausa, a saitin harshe ake ƙara shi, yana ba da ƙ da ɗ da ɓ. Yana damuna in ga takardar jarrabawar yara an rubuta kasa a wurin ƙasa, alhali muna koya musu bambancin a aji.

Maman Hanifa: Malam wallahi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kwafo su nake yi ɗaya bayan ɗaya daga wata tsohuwar takarda. Allah ya saka da alheri. Injiniya, zafin Kano da ƙura fa? Abu ƙarami haka ba zai ƙone a watan Afrilu ba?

Injiniya Auwalu: Zafi kaɗai ba ya kashe ta in tana numfashi. Iska tana shiga ta gaba ta fita ta baya, to kar a toshe ko ɗaya. Abin da na fi gani a gidaje shi ne a lulluɓe ta da ƙyallen ado tana kunne, ko a cusa ta cikin durowa, ko a ajiye ta a kan kafet. In kin kashe ki rufe ta, wannan daidai ne, musamman da hunturu. In za ki kunna ki yaye. Ƙurar hunturu tana taruwa a bakin fanka ta zama kamar auduga, daga nan sai ki ji fankar tana ihu, aiki yana nauyi. Sau biyu a shekara, bayan hunturu da kuma kafin damina, a buɗe a hure ta da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kar iska ta juya ta fiye da ƙima. Tunda ta hannu ce, ki ce a sauya mata man rage zafi da ke kan injin tun a shago, na asalin ya riga ya bushe.

Adafta kuma a ba ki ta asali. HP da Dell bolt 19.5 ne, Lenovo 20 mai baki murabba'i. Na Dell har tantance adaftar suke yi ta siririn ƙarfen da ke tsakiyar bakin, in ba su gane ta ba sai su rage gudun injin, mutum ya yi ta zargin kwamfutar. Da damina in hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare daga soket gaba ɗaya.

Abba Mai Sola: Hajiya na manta ban tambaya ba, wace irin firinta gare ki?

Maman Hanifa: Mai garin tawada ce, baƙi da fari.

Abba Mai Sola: To ita kar ki ɗora ta a ƙaramar inbata. Tana da abin dumama takarda a ciki, lokacin da take ɗaukar zafi tana fizgar ɗaruruwan wat, za ta iya kashe inbatar ta tafi da kwamfutar. Ki tara bugu sai an kawo wuta. Masu tawadar ruwa irin na tanki su ne abokan sola, ba sa kai wat 20.

Alhaji Ɗan Kwari: Injiniya ka rubuta mata abin da za ta gwada a shagon, ta riƙe a waya.

Injiniya Auwalu: Ta sa a shiga BIOS a gabanta don a ga babu makulli. Ta buɗe bayanin injin a cikin Windows ta karanta lambar da idonta, kar ta dogara da sitikar jiki. A buɗe manhajar CrystalDiskInfo a ga lafiyar SSD da awannin da ya yi yana aiki, kuma ta tabbata SSD ne, ba tsohon faifai mai juyawa ba. 256 ya ishe ta farawa. Ta soka filashi a kowane ramin USB, gaba da baya. A bar bidiyo yana tafiya minti goma sha biyar a saurari fanka. In aka sake Windows ta buɗe da sunan wani kamfani tana neman a shiga da asusun ma'aikaci, a ajiye ta a ɗauko wata, har yanzu tana rajistar tsohon ofishinta. Tsohuwar laftof ɗin kuma kar ki yar, a ciro faifanta a sa a ɗan gida mai USB, duk takardunki suna nan.

Baban Sadiq: Tunda an rinjaye ni, ga tawa gudummawar. Ki shiga saitin Word da Excel ki mayar da adana kai-da-kai duk minti biyu, a maimakon goma da yake zuwa da shi. Kuma duk Juma'a ki kwafe aikin makarantun nan a filashi ko Google Drive, suna ba da gigabait 15 kyauta. Inbata ma tana da ranar da take gajiya.

Maman Hanifa: Ba a rinjaye ka ba Baban Sadiq, maganarka ce ta sa aka tono zancen inbata. Na gode ƙwarai. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu shiga kasuwa da ƙanina.

*Kwana tara bayan shiga kasuwar*

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Na dawo da labari. Mun zaga shago huɗu, biyu sun so su ba mu ta janareshan na shida, da na karanto musu lambar sai suka fito da wata daga ciki. Na ɗauki i5-8500T, RAM 8, SSD 256, da monita inci 22, an manna ta a baya kamar wadda na gani a Kabuga. Maɓallin inbatar kuwa a ECO muka same shi, an mayar. An ɗauke wuta sau uku ina aiki ko gezau ba ta yi ba. Sakamakon aji guda yanzu yana fitowa a allo ɗaya, wuyana ya huta. Hanifa ma kullum bayan isha'i tana kai.

Matsala ɗaya ce. Duk safiya in na jona ta, agogonta yana komawa wata tsohuwar shekara, shafukan intanet kuma su ƙi buɗewa suna cewa babu tsaro, sai na gyara kwanan wata da hannu. In mayar musu? Garantin sati biyu suka rubuta min, saura kwana biyar.

Injiniya Auwalu: Allah ya sanya albarka Hajiya. Wannan ƙaramin abu ne. Akwai ɗan batir kamar kwabo a kan allon ciki, CR2032, shi ke riƙe agogo in an zare wuta, nata ya ƙare. Shafukan suna ƙin buɗewa ne don kwanan watan bai dace da takardar shaidarsu ba. Tunda garanti bai ƙare ba, kar ƙaninki ya buɗe ta da kansa. Ki kai musu gobe da rasit ɗin su sauya a gabanki, aikin minti biyar ne. In sun gama a saita agogo, a zare wuta na ɗan lokaci, a sake kunnawa ki ga ya tsaya kafin ki baro shagon.

Malam Habibu: Haruffan fa, Malama, sun samu?

Maman Hanifa: Sun samu Malam. Jarrabawar Hausa ta aji huɗu na fara bugawa da su daren jiya.